Bangon Tsirrai ko Shuka Mai Yaɗo: Wanne Ya Dace da Gidajenmu a Jidda da Makka?

Tun da kawuna ya tashi daga tsohuwar unguwarmu ya koma wani gida mai haush, wato tsakar gida, a gabashin Jidda, bangon yamma na gidan ya hana shi sakat. Daga bayan azahar har zuwa magariba rana tana dukan bangon ba tare da wani abu ya tare ta ba, kuma ɗakin da ke bayansa, wanda shi ne na Hajiya, ba ya hucewa sai dare ya raba, duk da cewa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya hutawa. Wata rana ɗansa ya nuna masa hoton wani gini a waya, an lulluɓe shi da ganye tun daga tushe har sama, kore shar kamar bakin fadama a watan Agusta. Nan take Kawu ya sa aka kira ni, ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai da kake hulɗa da masu gini, irin wannan nake so a yi mini." Na ce, "Kawu, ku ba ni mako guda in yi lissafi tukuna, domin abin da ke cikin hoton nan iri biyu ne, kuma kuɗinsu da wahalarsu ba ɗaya ba ne." Abin da na tattara a makon shi ne nake shimfiɗawa a nan, domin na lura mutanenmu da dama a Jidda da Makka da Madina suna da irin wannan bango, kuma suna ganin irin waɗannan hotuna.

Iri na farko shi ne bangon tsirrai na sosai, wanda saiwar kowace shuka take zaune a jikin bangon kansa, ba ta taɓa ƙasa ko kaɗan. Wani malamin jami'ar Ilinoi a Amurka, Stanley Hart White, ya yi wa wannan dabara rajista tun 1938, amma wanda ya yaɗa ta a duniya shi ne Patrick Blanc, Bafaranshe masanin tsirrai, wanda ya yi bangon gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a Paris a 2006, da na CaixaForum a Madrid mai tsawon mita 24. Tsarinsa yana da sauƙin bayani: ana kafa firam na ƙarfe a ɗan nesa da bango, a ɗaura masa allon roba da ruwa ba ya ratsawa, a manna wani ƙyalle mai kauri kamar bargo ninki biyu a kan allon, sannan a tsattsaga ƙyallen a cusa tsirrai a cikin tsagar. Siririn tiyo yana ɗigo da ruwa mai haɗe da taki daga sama, ruwan ya jiƙa bargon ya gangaro, a tare ragowarsa a wani kwatami a ƙasa. Akwai kuma ƙaninsa, wanda shi aka fi sayarwa a nan, inda ake jera ƙananan akwatunan roba ko aljihunan ƙyalle masu ɗauke da 'yar ƙasa kaɗan. Dukansu biyu suna rayuwa ne da dinamo, wato injin tura ruwa, da agogon da ke kunna shi yana kashe shi sau da yawa a yini.

Iri na biyu kuwa Bahaushe ya san shi tun kafin a ba shi suna a littattafan zanen gine-gine. Shuka ce mai yaɗo da ake dasawa a ƙasa ko a babban mazubi, a kafa mata raga ta ƙarfe ko a ja mata wayoyi, ta bi ta hau har ta rufe bango, kamar yadda duma da soso suke hawa danga ko rumfa a ƙauyukanmu. Kada wani ya ɗauka wannan hanyar talaka ce kawai: otal ɗin Oasia da aka kammala a Singafo a 2016, dogon bene ne da aka kewaye da jar raga ta alminiyam, tsirrai masu yaɗo iri 21 suka hau ta, kuma yana cikin gine-ginen da aka fi yaɗa hotunansu a wannan fanni. A hoto irin biyun nan sukan yi kama da juna, amma a wajen ruwa da nauyi da kulawa, tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa.

Kafin a shiga kwatanci, ya kamata mu tuna inda hotunan nan suka fito. Paris tana samun ruwan sama fiye da milimita 600 a shekara, a warwatse cikin watanni goma sha biyu, Singafo kuma tana samun fiye da 2,000. Jidda a yawancin shekaru ba ta samun ko 100, kuma ɗan abin da take samu yakan zubo ne a kwana ɗaya ko biyu ya zama ambaliya, kamar yadda aka gani a Nuwamban 2009 da na 2022. Ruwan da ke fitowa a famfunanmu daga teku aka tace shi, mafi yawansa a Shu'aiba, aka turo shi ta bututu zuwa Jidda da Makka da Ɗa'if. Zafi kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba, domin a hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Makka. Saboda haka duk wanda zai zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan, da batun ruwa zai fara.

A nan ne babban bambancin yake. Bargon da ke riƙe da saiwar tsirran bangon farko kaurinsa bai wuce 'yan milimitoci ba, ba shi da inda zai ɓoye danshi, don haka rayuwar kowace shuka tana rataye ne da ɗigon da zai zo nan da 'yan sa'o'i. Idan wuta ta ɗauke, ko dinamo ya ƙone, ko hazzan, wato tankin ruwan gida, ya ƙafe alhali wayit, wato tankar da ke kawo ruwa, bai iso ba, ko kuwa yashi ya toshe ramukan tiyo, bangon da ke fuskantar rana a watan Yuli ba zai jira a nemo mai gyara gobe ba. Na ga wannan da idona a wani gidan abinci da nake yawan zuwa a Jidda, inda suka yi irin wannan bango a bakin ƙofa, kuma na ɗan lokaci ya zama abin da kowa yake tsayawa ɗaukar hoto a gabansa. Da aka rufe wurin don hutun babbar salla, wani ma'aikaci ya kashe wutar gaba ɗaya bai san dinamon yana kan layin ba. Ranar da suka buɗe, ganyen sahun sama ya bushe ƙamas, yana marmashewa a hannu kamar busasshen kuka, na tsakiya ya yi laushi ya rataye, sai sahu biyu na can ƙasa, inda ragowar ruwa ya taru, su ne kaɗai suka tsira. Yau ganyen roba ne a wurin.

Shuka mai yaɗo da ke cikin ƙasa ba ta cikin wannan hatsari, domin saiwarta tana nutsawa inda rana ba ta kaiwa, kuma ƙasar da ke kewaye da ita rumbun danshi ce. Jahannamiyya, wata shuka mai yaɗo da yawan fure, idan ta kafu sosai tana iya yin kwanaki ba a ba ta ruwa ba, abin da za ta yi shi ne ta zubar da wani ganyen ta jira, har ma masu mashtal, wato wuraren sayar da dashe, sukan ce ta fi yin fure idan aka ɗan bar ta da ƙishi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin mu mutane ne masu tafiya. Wani yana zuwa Kano ko Damagaram ya yi wata biyu, wani kuma aikin hajji yana ɗauke shi daga gida makonni, ya bar wa haris, wato mai gadi, amanar gida. Haris zai iya zuba bokiti biyu a gindin shuka duk bayan kwana biyu, amma ba adalci ba ne a ɗora masa sanin dalilin da ya sa tiyo na uku daga sama ya daina ɗigo.

Yawan ruwan ma abin lissafawa ne. Mu ɗauki bango irin na Kawu, faɗin mita 4 da tsayin mita 3, wato murabba'in mita 12. Idan muka ƙaddara cewa kowane murabba'in mita zai sha lita 5 a yini, an sami lita 60 a rana da lita 1,800 a wata, kuma bangon yamma a tsakiyar zafi zai iya neman fiye da haka. Shuka mai yaɗo ma tana shan ruwa gwargwadon yawan ganyenta, kada a yi zaton kyauta take rayuwa, sai dai ita ganyenta kaɗai ke fitar da danshi, alhali a bangon tsirrai jiƙaƙƙen bargon kansa yana tsaye a gaban rana da iska yana ƙafewa, kamar wankin da aka shanya.

Sai kuma gishiri, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba sai ya yi ɓarna. Duk ruwan da ya ƙafe yana barin gishirinsa a baya, kuma takin da ake narkawa a ruwan shi ma nau'in gishiri ne. A ƙasa mai zurfi, ban ruwa mai yawa sau ɗaya yakan wanke shi ya tura shi ƙasa da saiwa. A siririn bargo ko ƙaramin aljihu kuwa taruwa yake yi, ya fito fari-fari kamar kanwa a gefen ƙyallen, bakin ganye ya fara ƙonewa, ramukan tiyo su toshe. Wanda yake sayen wayit na ruwan rijiya don ya fi araha, shi ne abin zai fi saurin kamawa. Akwai wata dabara da ta dace da Jidda musamman, wato tara ruwan da ke ɗiga daga mukayyif. Saboda danshin teku, injin da ke aiki dare da rana yana zubar da litoci masu yawa, ruwa ne da ya fito daga iska kuma kusan babu gishiri a cikinsa, amma a yawancin gidaje a kan titi yake tsiyayewa. Wannan ruwa zai iya ɗaukar nauyin shuka mai yaɗo biyu ko uku, amma ba zai ishi cikakken bangon tsirrai ba, kuma a Makka da Madina, inda iska ta fi bushewa, abin da ake samu ya ragu sosai.

Dangane da sanyaya ɗaki, wanda shi ne ainihin buƙatar Kawu, ganye yana aiki ta hanya biyu. Ta farko ita ce inuwa, wato hana rana taɓa siminti, ta biyu kuma ita ce danshin da ganye ke fitarwa, domin kowace litar ruwa da ta ƙafe tana ɗauke zafin da ya kai kusan kilowat 0.7 na awa guda. Bangon tsirrai ya fi ƙarfi a hanya ta biyu, kuma allonsa da bargonsa suna ƙara wa bango kauri, don haka idan yana cikin ƙoshin lafiya ya fi shuka mai yaɗo sanyaya fuskar gini. Sai dai yawancin wannan sanyi iskar waje ce ke kwashe shi, kuma a Jidda, inda iska ta riga ta ƙoshi da danshi, ƙafewar ruwa tana tafiyar hawainiya. Abin da mai ɗaki zai ji a jikinsa inuwar ce, ita kuwa raga mai cike da ganye tana bayar da ita, musamman idan an bar tazarar kamar taki ɗaya tsakanin ragar da bango don iska ta riƙa ratsawa. Magina na tsohuwar Jidda sun fahimci wannan tun da daɗewa, kuma duk wanda ya zaga unguwar Balad, wadda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, ya ga rawashin, tagogin katako masu huda-huda da ke tare rana su bar iska ta wuce. Raga mai ganye aikin rawashin take yi.

Ya kamata a duba ko wane bango ne ma yake buƙatar rufi. Makka da Jidda suna kudu da iyakar da rana take kaiwa a tafiyarta ta arewa, shi ya sa sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli, rana take tsayawa daidai saman Ka'aba da tsakar rana. Ma'anar wannan ga mai gida ita ce, a tsakiyar zafi rana tana bi ta saman kai, bangon kudu ba ya shan duka sosai, bangon arewa ma yakan sami rabonsa da safe da yamma, amma waɗanda suke ɗaukar azabar su ne rufin gida da bangon gabas da na yamma. To bangon yamma, wanda ya fi kowane buƙatar inuwa, shi ne kuma wurin da tsirrai masu laushin ganye da ake jerawa a bangon tsirrai suka fi saurin mutuwa.

Nauyi da lafiyar gini su ne na gaba. Tsarin Blanc mai bargo nauyinsa yana wajen kilo 30 a kowane murabba'in mita, wanda a bangon Kawu ya kai kilo 360, masu akwatunan ƙasa kuwa idan sun jiƙe sukan ninka haka. Dole a huda bango a kafa ƙarfe, dole a tabbatar da cewa danshi ba ya komawa cikin siminti, domin a gari mai iskar gishiri irin Jidda, danshi da ya kai ga rodi tsatsa yake jawowa. Raga da wayoyi ba su da wannan nauyi, tunda gangar shukar a ƙasa take tsaye, amma su ma a zaɓi ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma a guji tsirran da ke manne wa siminti da kansu, domin idan aka ɓamɓare su da fenti da yaɓe suke tafiya. A wajen kuɗi kuwa babu ma kwatanci. A tsarin bargo akan dasa tsirrai wajen 30 a kowane murabba'in mita, wato ɗaruruwa a bango ɗaya, ga dinamo da agogo da matatar ruwa, ga mai zuwa duk wata ya cire matattu ya dasa sabbi. Ɗaya hanyar kuwa dashe huɗu ko biyar ne da raga da taki.

Masu tallar bangon tsirrai sukan ce yana tsabtace iskar ɗaki. Asalin maganar wani gwaji ne da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi a 1989 a cikin ƙananan akwatuna da aka toshe, amma nazarin da masana a jami'ar Drexel suka fitar a 2019 ya nuna sai an tara tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita na daɓen ɗaki kafin su yi abin da shigar iska ta yau da kullum take yi. A sayi bangon don kyansa, wannan dalili ne da ya isa, amma kada a biya kuɗin tsabtace iska. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sauro. Zazzaɓin dengi ya zauna a Jidda tun 1994, sauron da ke yaɗa shi kuma a ruwa mai tsabta da ya kwanta yake ƙwai, irin wanda ke taruwa a kwatamin ƙasan bangon tsirrai ko a farantin da ake sa wa a ƙarƙashin tukunyar shuka. Duk tsarin da aka zaɓa, a rufe mazubin ruwa, kada kuma a bar ragowa ta kwana.

Shuka mai yaɗo ma tana da nata aibin, kuma na faɗa wa Kawu su ba ɓoye-ɓoye. Babbansu shi ne jira: bangon tsirrai ranar da aka gama shi yake kore, ita kuwa sai ta yi shekara biyu ko uku kafin ta rufe bango mai tsayin mita 3, kuma ba a tsara ta da launuka kamar zanen darduma. Jahannamiyya tana da ƙaya, furenta yana cika haush da shara, idan kuma ba a yi mata aski ba sai ta tattara ganyenta a sama ta bar ƙasa tsirara. Yasmin ƙamshinsa ya fi, amma ya fi son bangon gabas a kan na yamma. Soso da duma da waken lablab suna rufe raga cikin 'yan makonni, sai dai na shekara ɗaya ne, kuma a nan sun fi yin kyau idan an shuka su bayan zafi ya karye. Inabi kuwa ya fi jin daɗin Ɗa'if, inda tudu ya sassauta zafi.

Akwai wurin da bangon tsirrai ya fi dacewa, kuma ba na so a ɗauka na yi masa rashin adalci. A cikin gini mai sanyi, kamar zauren otal ko ofis ko gidan abinci, babu rana mai ƙuna kuma babu guguwar ƙura, tsirrai masu son inuwa suna rayuwa da ruwa kaɗan, sai dai a sa musu fitilu masu ƙarfi na sa'o'i da yawa kowace rana. Haka kuma a lungun da babu ko tafin ƙasa da za a haƙa, ko a hawa na biyar na imara, wato dogon benen da ake haya, shuka mai yaɗo ba ta da inda za ta kafa saiwa sai a babban mazubi mai nauyi. Ɗan kasuwar da bangon zai jawo masa masu saye, wanda kuma zai iya ɗaukar kamfanin da zai riƙa zuwa dubawa a kan yarjejeniya, ya kuma ware wa dinamon layin wutarsa daban, shi wannan hanya ta dace da shi.

Mai haya a shuƙƙa (sashe ɗaya a cikin imara) kuwa, wanda shi ne mafi yawanmu, ba ya cikin ko ɗaya daga biyun, domin mai imara ba zai yarda a huda masa bango ba, kuma ba a san ranar tashi ba. Abin da ya fi masa shi ne kanta ta ƙarfe mai hawa uku ko huɗu a baranda, a jera tukwane masu ɗan zurfi, a shuka na'ana'a da rihan da jarjir da lalo da alayyahu daga Oktoba zuwa Maris, idan zafi ya shigo a rage su a bar masu juriya. Ranar tashi a ɗora kantar a mota tare da sauran kaya.

Da na koma wa Kawu da wannan bayani, ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni abu ɗaya, wato wanne ne zai tarar da rai idan ya je gida ya yi wata biyu. Na ce mai yaɗo. Hajiya, da take jinmu daga ƙofar ɗaki, ta ce ita dai a dasa mata darbejiya, domin ita ta gani da idonta tana yi wa alhazai inuwa a filin Arfa, kuma ita ce a tsaye a gaban Gidan Nasif, wani tsohon gidan tarihi a Balad, tun zamanin da itatuwa suke da wuyar gani a Jidda. Na ce, "Hajiya, gaskiyarku, amma haush ɗin nan ya yi mata kaɗan, saiwarta za ta kai ga hazzan." Aka daidaita a kan zogale guda biyu a kusurwa. A watan Nuwamba muka haƙa rami huɗu a gindin bangon yamma, kowane zurfin kamu biyu, muka kwashe ɓaraguzan gini da suka cika wurin muka zuba ƙasar noma da taki, muka kafa raga da tazarar taki ɗaya daga bango. Jahannamiyya uku muka dasa, a rami na huɗu kuma Hajiya ta sa irin soso da aka kawo mata daga gida, sannan aka ja tiyon mukayyif ɗin ɗakinta zuwa wani jarka mai murfi a gefen ragar. Kafin ƙarshen Janairu soson ya kai saman taga, jahannamiyyar kuwa a lokacin ba ta wuce ƙugun mutum ba.